Waƙarmu da Kamfanin Faifai: Magana ga Mawaƙan Jega, Aliero da Maiyama

Da wuya a yi taron matasa a wannan yanki namu, ko a Jega, ko a Aliero, ko a Maiyama, a tashi ba a ji wani ya yi tambayar nan ba: yaya za mu yi wani kamfanin faifai ya ji waƙarmu har ya ɗauke mu? Masu wannan tambaya ba ragwaye ba ne. Akwai tela da ke rufe shago da yamma ya tafi koyon waƙa. Akwai ɗalibar jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006, wadda ke jan ƙungiyar mawaƙa kowace Lahadi. Akwai kuma iyayenmu mata na Zumunta, waɗanda suka haɗa waƙoƙi masu yawa da kansu, ba takarda ba alƙalami, sai tulu da caki da murya. Baiwa kam akwai ta. Abin da ba mu da shi a nan shi ne ofishin babban kamfanin faifai. Sony ya buɗe nasa a Legas a 2016, Universal kuma ya bi baya a 2018, kuma babu ɗayansu da ke aiko mutum ya zauna a bayan majami'a a Maiyama yana sauraron wa ya iya waƙa.

Mun ga ya dace mu zauna mu duba wannan magana da kyau, gama tana cin kuɗin matasa, wani lokaci har ta ci zumunci. Abin da muka lura da shi a tarihin waɗanda suka yi nasara shi ne, kamfani yakan zo ne a ƙarshe, bayan waƙa ta riga ta yi ƙafa ta zaga gari da kanta. Ranar da ya zo kuwa, da takarda yake zuwa, kuma takardar nan ce ke nuna ko mai waƙa zai ci gaba da zama mai waƙarsa.

Yadda waƙa ke tafiya a ƙasar nan tun dā

A zamanin garmaho, kamfanonin Turawa irin su Decca da EMI da Philips su ne ke buga faifai, kuma Legas ce cibiyarsu. Mawaƙin da suka ɗauka daga Arewa sai wanda sunansa ya riga ya cika ƙasa. Wanda ya cika musu ƙasar kuwa shi ne fadar sarki, da gidan biki, da gidan rediyo, musamman Rediyon Kaduna da ya soma aiki a 1962. Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Musa Ɗanƙwairo ba kamfani ne ya yi su ba, ya dai tarar da su. Da kaset ya zo, kowane mai rikoda biyu ya zama kamfanin kansa, yana kwafa yana sayarwa a bakin tasha. Wannan satar fasaha, haɗe da taɓarɓarewar tattalin arziki, ta sa Turawan suka sayar da hannun jarinsu suka tafi wajen ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990. EMI ya koma Ivory Music, Polygram kuma ya koma Premier.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Marigayi Muhammadu Gambu, wanda duniya ta sani da mai waƙar ɓarayi, mutumin Fagada ne a ƙasar Maiyama. Ba muna yabon abin da ya waƙe ba ne, kowa ya san matsayinmu a kan sata. Amma a dubi yadda muryar mutumin ƙauye ta kai Kano da Zariya da ƙasar Nijar, har malaman jami'a suka yi rubuce-rubuce a kansa. Kaset ne ya ɗauke ta, daga hannun direba zuwa hannun mai shayi, daga kasuwar Jega zuwa wata kasuwa. Haka ma marigayi Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri. Sunan ya tafi ko'ina, amma kuɗin kaset ɗin da aka yi ta kwafa a tashoshi, aljihun masu kwafa ya fi saninsu.

Mu ma a ekklesiya hanyarmu ba ta bambanta sosai ba. Gidan rediyon ELWA ya fara watsa shirye-shirye daga Laberiya a 1954, kuma iyayenmu sun ji waƙoƙin Hausa ta wurinsa. Daga 1963 zuwa 1977 akwai babban gidan rediyon bishara a Addis Ababa, wanda ɗakin ɗaukar murya na Muryar Bishara a Jos ke shirya wa shirye-shiryen Hausa. Ƙungiyoyin Sabon Rai Don Kowa, da suka taso a farkon shekarun 1960, su suka baza waƙoƙi ƙauye-ƙauye da ƙafa. Yawancin waƙoƙin da muke rerawa yau a taron Zumuntar Mata, da a ce za a tsayar da mu a tambaye mu wa ya haɗa su, sai mu yi shiru. Wata mace ce a wani ƙauye, ta haɗa, aka ji, aka ɗauka, sunanta kuma ya ɓace a hanya.

Buzun da ya ɗauki waƙa a Sakkwato

Labarin da ya fi kusa da mu, wanda kuma ya fi nuna yadda abin ke faruwa a zamanin wayar hannu, na wani Buzu ne daga Jamhuriyar Nijar mai suna Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar. Tun yana yaro ya haɗa jitarsa ta farko da kansa, da katako da wayar birkin keke. A shekarar 2008 ya zo Sakkwato, wato nan kan hanyarmu in an wuce Aliero da Tambuwal, ya shiga situdiyo irin wanda ake yi wa finafinan Hausa kiɗa, ya ɗauki jerin waƙoƙi da ya sa wa suna Anar. Da harshensa na Buzanci ya yi su, amma kiɗan da gyaran muryar irin na Kano ne.

Babu kamfanin da ya buga waƙoƙin a lokacin. Suka shiga memori, daga waya zuwa waya ta bulutut, suka ƙetare Nijar har suka kai arewacin Mali. A can ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai wani ƙaramin kamfani da ake kira Sahel Sounds, ya ji ɗaya daga cikinsu a wayoyin mutane. Ya sa ta cikin wani faifai na waƙoƙin da ya tattaro daga wayoyin mutanen Sahara, wanda ya fito a 2011. To, a nan ne wahalar take: waƙa ta zo hannunsa, amma gano mai ita sai da ya yi ta cigiya, domin waƙar da ke yawo a memori sau da yawa ba ta ɗauke da cikakken suna ko lambar waya. Da ya same shi, suka yi aiki tare shekara da shekaru, ya yi ta zagaya ƙasashen Turai da Amurka yana wasa a ƙananan wurare. Sai a 2020 babban kamfanin Matador na Amurka ya ɗauke shi, faifansa Afrique Victime kuma ya fito a 2021.

A lissafa. Daga situdiyon Sakkwato zuwa sa hannu da Matador, shekara 12 ke nan. A cikin shekarun nan bai zauna yana jiran kowa ba, yana wasa a gidajen biki, yana ƙara gwaninta. Abin da kuma ya ja kunnen baƙon nan shi ne bai taɓa jin irin wannan sauti a wani wuri ba. Da Mdou ya kwaikwayi mawaƙan Amurka, da Ba'amurken ya wuce abinsa, gama yana da irinsu dubu a gida.

Wannan batu muna so matasanmu su riƙe shi. Sau da yawa mukan ji ƙungiyar mawaƙa ta kwashe wata guda tana fama da waƙar Turanci ta wata babbar majami'a a Legas ko Ostireliya, a ƙarshe ta fito ba ta kai ta asali ba, tsofaffi kuma suna zaune suna kallo ba su fahimci kome ba. Alhali a cikin ƙungiyar akwai mai Hausar Kabi a bakinsa, akwai 'yan ƙasar Zuru da ke da karin waƙa irin nasu, akwai mai iya kalangu da mai iya molo. Wannan shi ne abin da Legas ba ta da shi.

Jos ta riga ta gwada. A tsakiyar shekarun 2000 Jeremiah Gyang ya fito da waƙar Na Ba Ka, da Hausa a kan kiɗan zamani, ta kama gidajen rediyo har a Kudu inda ba a jin harshen. Shi ne mawaƙin farko na kamfanin Chocolate City, wanda lauya Audu Maikori da abokansa suka kafa a 2005, kamfanin da daga baya ya fito da M.I da Ice Prince, ya kuma ƙulla yarjejeniya da Warner na Amurka a 2019. Solomon Lange ma da waƙoƙin Hausa ya shiga majami'un da ba Hausawa a ciki. A ɓangaren waƙoƙin soyayya, Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye wayoyi a 2020, lokacin kullen korona, ba tare da wani babban kamfani ya tura ta ba. Namenj kuma ta hanyar gajerun bidiyo da yake sakawa yana waƙa da Hausa ya kai ga emPawa, shirin da Mr Eazi ya fara a 2018 don tallafa wa sababbin mawaƙa. Ko Dauda ɗan Yesse, in mun tuna, ba shi ya kai kansa fādar Saul ba. Wani bawan sarki ne ya taɓa jin kiɗansa, ya ambace shi ranar da aka shiga nema.

Abin da ke hannunmu

Tun da haka ne, aikin farko shi ne waƙar kanta. Shawararmu ita ce a bar gaggawar cika faifai da waƙa 10. A zaɓi guda ɗaya ko biyu da aka riga aka gwada a gaban jama'a. Gwajin ba shi da wuya: waƙar da aka rera ran Lahadi, in ran Laraba an ji yara suna rera ta a bakin rijiya ko mata suna yin ta wajen daka, ta ci jarrabawa. In kuwa mai ita kaɗai ke tuna ta, a koma a sake aiki. Kuɗin da za a raba wa waƙa 10 a yi su sama-sama, gara a zuba shi kan biyu a yi su da kyau.

Kafin a shiga mota zuwa situdiyo, ko a Birnin Kebbi ne, ko Sakkwato, ko Kaduna, ko Jos, a tabbata kowa ya haddace nasa, gama a can lokaci kuɗi ne. A nemi a ji aikin da mai situdiyon ya taɓa yi wa wasu. A kuma yi magana da shi tun farko cewa ba a so a danne muryoyi da na'ura har mutum ya kasa gane muryar matarsa. Wani mai haɗa kiɗa yana da kiɗa guda a cikin fiyanonsa da yake ɗora wa kowa, mai waƙar siyasa da mai waƙar biki da mai waƙar sujada, duk su fito kamar 'ya'yan uwa ɗaya. In an gama, a karɓo uwar ɗaukar, wadda 'yan sana'ar ke kira masta, a ajiye ta wuri biyu ko uku. Kada a bar ta a kwamfutar situdiyo kawai.

Sai batun suna, wanda darasin Mdou Moctar ya koya mana. A rubuta sunan waƙa, da sunan mawaƙi ko ƙungiya, da sunan gari a jikin fayil ɗin, a kuma sa su a hoton da ke tafiya da shi tare da lambar da za a kira. Wasu ma sukan ambaci sunan ƙungiya a farkon waƙa ko ƙarshenta, yadda mawaƙan gargajiya ke yi. Wani zai ce wannan girman kai ne. Mu ba mu ga haka ba. Manomin albasa a Aliero yakan sa alama a buhunsa kafin a loda shi zuwa Kudu, ba wanda ya ce masa mai fahariya.

Daga nan sai a sake ta. Masu tura waƙa a waya da ke zaune a kasuwar Jega da bakin tasha, su ne masu kaset na wannan zamani, kuma ko an ba su ko ba a ba su ba za ta kai hannunsu, don haka gara a kai musu mai kyau mai ɗauke da suna. A kai wa masu shirye-shiryen Lahadi a gidajen rediyon Birnin Kebbi da Sakkwato. A je taron gunduma, da taron matasa, da bikin aure, da bikin godiya na kaka, a rera ta da rai. A ɗauki gajeren bidiyo a sa a WhatsApp da Facebook da TikTok, ko da a gindin bishiya aka ɗauka, muddin murya ta fito sarai.

Game da manyan dandalin sauraron waƙa kuwa, irin su Audiomack da Boomplay da YouTube da Spotify, wanda ya shigo Nijeriya a 2021, yau ba a bukatar kamfanin faifai kafin a shiga. Akwai 'yan tsakiya irin su DistroKid da TuneCore da ake biya kuɗi kaɗan su raba waƙa a duk waɗannan wurare, mai waƙa kuma ya ci gaba da mallakar abinsa. Amma kada kowa ya sayar da akuyarsa yana jiran riba a wata mai zuwa. Spotify ya ce a 2024 mawaƙan Nijeriya sun samu fiye da naira biliyan 58 ta wurinsa, sai dai kowa ya san su wa ke kwashe kaso mafi tsoka. Tun 2024 kuma, waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta samun ko kwabo a can. YouTube ma ba ya fara raba kuɗin talla sai mutum ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Sauraro daga cikin Nijeriya kuma bai kai na Ingila ko Amurka kawo kuɗi ba, domin kuɗin rajistar wata a nan ya fi araha. Amfanin waɗannan wurare ga mai farawa shi ne shaida. Ma'aikacin kamfani a yau, kafin ya saurari murya, lambobi yake dubawa: mutum nawa suka ji, daga ina, kuma sun dawo sun sake ji? Shi ya sa sayen mabiya na ƙarya asarar kuɗi ce, gama sun san yadda ake gane su, ban da cewa yaudara ce.

Kafin mu wuce, akwai 'yan damfara. Mun taɓa ganin wanda ya zo wa matasanmu da kati mai sheƙi da hotunansa tare da manyan mawaƙa, ya ce shi wakilin wani kamfani ne, kowa ya biya kuɗin fom da kuɗin tantancewa. Aka biya, aka yi ta kiran waya, har yau tana kashe. Ƙa'idar a nan gajeriya ce. Kamfanin gaskiya shi ke kashe kuɗi a kan mawaƙi. Duk wanda ya ce a biya shi kafin ya ɗauki mutum, kasuwancinsa ya ƙare a kan kuɗin fom ɗin. Ana kuma iya duba ko kamfani yana da rajista a wurin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a kuma nemi wani mawaƙi da ya taɓa aiki da su a tambaye shi a keɓe.

Ranar da takarda ta zo

A ce Allah ya yi, waƙa ta tafi, kamfani na gaskiya ya kira. A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa, domin murna takan rufe ido.

Abu na farko da za a gane shi ne, kuɗin da kamfani ke bayarwa a farko ba kyauta ba ne. Kafin alƙalami ne, kuma za a cire shi daga kason mawaƙi. Bari mu yi misali da lissafi mai sauƙi. A ce kamfani ya kashe naira miliyan 2 a kan situdiyo da bidiyo da abin da ya damƙa wa mawaƙiya a hannu, takarda kuma ta ce kasonta kashi 20 cikin 100 ne. A irin yarjejeniyar da aka saba, daga cikin kashi 20 ɗin nan nata za a riƙa cire bashin. Wato sai waƙar ta kawo naira miliyan 10 kafin bashin miliyan 2 ya biyu, ta fara ganin sabon kuɗi. A lokacin kamfani ya riga ya karɓi miliyan 8 nasa. Wannan ba lalle zalunci ba ne, gama kamfani ma yana iya yin asara in waƙa ba ta karɓu ba. Amma wanda bai san haka ba zai ga waƙarsa a ko'ina, aljihunsa kuma wayam, ya fara zargin kowa.

Abu na biyu, a cikin kowace waƙa da aka ɗauka akwai dukiya iri biyu. Akwai waƙar kanta, wato kalmomi da karin, wadda ta wanda ya haɗa ta ce. Akwai kuma ɗaukar da aka yi a situdiyo. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta kāre waƙa har shekara 70 bayan mutuwar mai ita, ɗaukar murya kuma shekara 50. Ashe ke nan waƙa gādo ce kamar gona, jikoki ma suna da rabo a ciki. Dokar ta kuma ce sayar da wannan haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce. Saboda haka layi guda a cikin takarda, mai cewa an miƙa dukan haƙƙi har abada a duk duniya, ya isa ya raba mutum da zuriyarsa da abin da ya haɗa. Mun san labarin Isuwa da abin da yunwar yini ɗaya ta sa ya sayar.

Tambayoyin da za a yi kafin a taɓa alƙalami su ne: shekara nawa yarjejeniyar za ta yi, kuma waƙa nawa ake bin mu? Wa zai mallaki masta, kuma yaushe za ta dawo hannunmu? Kamfani zai ci daga kuɗin wasa da gayyata, ko daga sayar da waƙa kaɗai? Sau nawa a shekara za a nuna mana lissafi, kuma muna da ikon kawo namu akanta ya duba? In kamfani ya ajiye waƙoƙin bai fitar ba, muna da hanyar fita? Akwai kuma tambayar da ta shafe mu musamman: za mu iya rera waƙarmu a sujada da taron bishara kyauta, mu kuma bar wasu ekklesiyoyi su rera, ba tare da neman izini ba? A kai takardar wurin lauya, kuma ba lauyan kamfanin ba. Kuɗin lauya na yini ɗaya bai kai kuɗin shari'ar shekara biyar ba. Wanda ya ce sai an sa hannu yau-yau, ba a kwana da takarda, ya riga ya ba da amsa.

Kada kuma a ce ai kamfanin na ɗan'uwa mai bi ne, ba sai an rubuta ba. Mercy Chinwo ta ci gasar Nigerian Idol a 2012, ta shiga kamfanin waƙoƙin bishara na EeZee Conceptz a 2017, waƙoƙinta suka cika majami'u a faɗin Afirka. A 2025 saɓani tsakaninta da shugaban kamfanin a kan lissafin kuɗi da mallakar waƙoƙi ya fito fili, har ya kai gaban hukumar EFCC da kotu. Ba mu ne alƙalai ba, kuma ba mu ɗora wa kowa laifi a nan. Abin da ya ba mu baƙin ciki shi ne ganin masu bi suna jifan juna a gaban duniya a kan abin da ya soma da addu'a.

Akwai kuma farashin da ba na kuɗi ba. Panam Percy Paul, wanda ya kafa nasa kamfanin da makarantar koyon kiɗa a Jos, ya ba da labari da bakinsa cewa a 1995 an yi masa tayin yarjejeniyar fam miliyan 24 ta shekara 3, bisa sharaɗin ya rage ambaton sunan Yesu a waƙoƙinsa, shi kuwa ya ƙi. Yawancinmu ba za a taɓa gwada mu da irin wannan kuɗi ba. Namu gwajin ƙarami ne: a ce a sauya kalma biyu don waƙar ta shiga ko'ina, ko a zo a yi wa ɗan takara waƙa da karin da aka haɗa domin sujada. Gara mutum ya yanke shawararsa tun aljihunsa bai ji ƙamshin kuɗin ba.

Waƙar ƙungiya ta wace ce?

Wannan ita ce matsalar da ta fi kusa da ƙofarmu, kuma ba ta jiran kamfani kafin ta taso. Ƙungiyar mawaƙa ta je ta ɗauki waƙa. Wata uwa a Zumunta ce ta haɗa kalmomin. Wani saurayi ya gyara karin ya ɗora kiɗa. Ekklesiya ta yi baiko na musamman ta biya situdiyo da kuɗin mota. Wata yarinya mai zaƙin murya ta ja waƙar, fuskarta ce kuma ta fito a bidiyo. Shekara ta zagayo, waƙa ta karɓu, aka fara gayyatar yarinyar ita kaɗai, wani kuma ya riga ya sa waƙar a YouTube da sunansa. Daga nan sai gunaguni, sai wasu su daina zuwa koyon waƙa, sai magana ta kai gaban dattawa, kowa kuma yana da gaskiyarsa. Haka kuma in karin an aro shi ne daga Littafin Waƙoƙi ko daga waƙar wani mawaƙi mai rai, dole a faɗa tun farko, domin ba a sayar da abin aro.

Maganin bai fi takarda guda ba, a rubuta ta kafin a shiga mota. A sa sunan wanda ya haɗa kalmomi da wanda ya yi karin, waƙa bayan waƙa. A rubuta wanda ya biya kuɗin ɗauka da wanda zai riƙe masta. A faɗi sunan da za a buɗe shafin intanet da shi, da mutum biyu da za su riƙe lambar sirrinsa, da asusun bankin da kuɗi zai shiga. A amince a kan kason ekklesiya, da na masu haɗa waƙa, da na mai kiɗa, da abin da zai faru in wani ya yi aure ya bar gari ko aka yi masa canjin wurin aiki. Mai situdiyo ma ya sa hannu cewa an biya shi ladan aikinsa, ko kuwa a rubuta kason da zai ci in an yi da shi haka. Wanda ke so ya ƙara ƙarfin shaida yana iya yi wa waƙar rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, ko da yake haƙƙin yana nan tun ranar da aka rubuta waƙar ko aka ɗauke ta.

A rubuta takardar da Hausa, a karanta ta da ƙarfi a gaban kowa bayan sujada, domin iyayenmu da ba su yi boko ba su ji da kunnensu kafin su dangwala yatsa. Fasto ko katikis da dattijo ɗaya su sa hannu a matsayin shaidu. Sakataren ekklesiya ya ajiye kwafi ɗaya a cikin fayil, shugabar Zumunta ta riƙe ɗaya, kowane mai suna a ciki kuma a ba shi nasa ya tafi da shi gida.